Kafin Hannu Ya Ƙage

Ƙannena samari da 'yan mata, Lafia gari ne na masu neman abinci da yatsunsu. Mai walda a bakin titin Jos, ɗan acaba da hannunsa ke kan birki tun asuba, matar da ke tura rogo cikin injin gurza, yaran da ke juye shanshera a injinan casar shinkafa, manomin doya a Agyaragu, matan da ke dafa gishiri a Keana, tela da bakanike da mai kitso, duk wanda ka taɓa a cikinsu jarinsa yatsu goma ne. Hannun da ke nema kuwa shi ne kan gaba wajen shan wuya. Yau adda ta goce, gobe bel ɗin inji ya fizgi yatsa, jibi babur ya kayar da mutum a hanyar Akwanga, ko yaro mai rarrafe ya dafa garwashi da sanyin hunturu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ke biyo bayan raunin. A wajenmu da zarar ciwo ya rufe, ƙashi ya kama, sai a ce alhamdu lillahi ya warke, 'yan dubiya su ɗauke ƙafa. Ku koma gidan bayan wata shida. Hannu yana nan, yatsu biyar cif, amma ba ya yanko loma, ba ya riƙe buta, ba ya ɗaure tazuge, balle fartanya. In na dama ne abin ya fi ciwo, domin da shi ake gaisawa, da shi ake miƙa wa babba abu, da shi ake cin kwano ɗaya da jama'a. Sai ka ga magidanci ya koma cin abinci shi kaɗai a ɗaki. Mutane su ce hatsari ne ya naƙasa shi. Sau da yawa kuwa hatsarin ya yi nasa ya wuce, abin da ya ƙarasa hannun shi ne makonnin da ya yi a ɗaure: ko an ɗaure shi a karkace, ko an matse shi, ko an bar shi ya wuce ƙa'ida.

Akwai mutanen da karatunsu ke nan. A asibiti ana kiran sashensu O.T., a takardun jami'a kuma okufeshonal terafi, aikinsu mayar da majiyyaci kan hidimominsa na yau da kullum. 'Yan uwan masu gashin ƙashi ne, sai dai tambayarsu ta farko ga mara lafiya ita ce, me kake yi da hannun nan kafin ka ji ciwo? Amsar tela daban, ta mai faskare daban, kowace da irin horon da za a yi wa hannun. An kafa ƙungiyarsu ta farko a Amurka a 1917, a Nijeriya kuma dokar soja mai lamba 38 ta 1988 ce ta kafa hukumar da ke yi musu rajista tare da masu gashi da masu ƙera ƙafar roba. Cikin kayan aikinsu akwai matallafin hannu, wanda ma'aikatan asibiti ke kira sifilint: abu ne da ake ƙerawa daidai da hannun mutum don ya riƙe shi a zaman da ake so. Iyayenmu sun san kakansa, karan ɗori.

Ku fara da sanin abin da ke sa hannu ƙagewa. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsu ƙasusuwa 27 ne, da gaɓoɓi birjik, da jijiyoyin jan yatsu masu zamewa cikin kubensu, duk an shirya su ne don motsi. Da an ji rauni sai kumburi ya zo, ruwan kumburi kuwa in ya daɗe a wuri yakan yi kauri ya manne abin da ya kamata ya zame. Hannu mai ciwo yana da zaman da yake so: wuyan hannu ya langaɓe ƙasa, gindin yatsu ya miƙe, tsakiyarsu ta lanƙwashe, babban yatsa ya lafe a gefen tafi. A haka majiyyaci ya fi jin sauƙi, a haka kuma hannu ya fi saurin lalacewa. Igiyoyin da ke riƙe gaɓar gindin yatsa ta gefe da gefe suna sakwarkwacewa in gaɓar ta miƙe. A bar su a sake na 'yan makonni, sai su gajarce, gaɓar ta ƙi lanƙwasuwa, mutum ya kasa dunƙule hannu. Gaɓoɓin tsakiya da na kan yatsa akasin haka ne, a lanƙwashe suke ƙagewa.

Shi ya sa masana suka tsayar da zaman da hannu zai iya daɗewa a ciki bai cutu ba. Ku gwada da naku yanzu. A ɗaga wuyan hannu baya kaɗan, digiri 20 zuwa 30. A lanƙwasa gindin yatsu sosai, digiri 70 zuwa 90. Yatsun kansu su miƙe sambal, babban yatsa ya fito gaban tafi ya bar fili tsakaninsa da manuniya. Za ku ga bai yi kama da ɗaurinmu na gida ba, inda ake shimfiɗa hannu a kan katako ko kwali a naɗe tsaf. Shimfiɗar nan ba laifi in don a kai mutum asibiti ne. In ta yi mako uku, an sayi ƙagewa da kuɗin bandeji. Kafin a isa asibitin kuma a zare zobe da awarwaro tun kumburi bai riƙe su ba, a ɗaga hannun sama da ƙirji.

Ba zan zagi maɗora ba, ku ma kada ku zage su. Gadon gidansu ne, suna kusa da jama'a, da yawansu ba sa korar wanda bai zo da kuɗi ba, kuma karaya da dama sun kama a hannunsu. Amma akwai kuskure ɗaya da ya cinye hannuwan yara a ƙasar nan, likitocin ƙashi na Nijeriya sun yi ta rubutu a kansa, shi ne matse sabuwar karaya. Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a gwiwar hannu ko sangali. A jera kara ko tsagin gora a kewaye, a ɗaure tamau. A lokacin ɗaurin ya yi daidai. Cikin dare hannu ya ci gaba da kumbura, ɗauri kuwa ba ya buɗewa. Tsokar sangali tana cikin wani tantani ne mai tauri wanda ba ya miƙewa, in matsi ya yi yawa a ciki sai jini ya daina ratsa ta, awa 6 zuwa 8 sun isa ta fara mutuwar da ba ta da gyara. Wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana wannan tun 1881, har yau da sunansa ake kiran naƙasar: sangali ya tsotse, wuyan hannu ya lanƙwashe, yatsu su ƙandare. In abin ya wuce haka hannu ya yi baƙi ya ruɓe, sai yankewa.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Ciwo yana ƙaruwa maimakon ya lafa, har maganin ciwo ba ya taɓa shi. In ka ɗan miƙar da yatsan yaron a hankali sai ya ƙwalla ƙara. Yatsu su kumbura, su yi sanyi, su dushe ko su yi duhu, ya ce ba ya jin su. A daidai nan ne za ku ji manya na cewa ƙashi ne ke kamawa, ko a ce da yaron, haba namiji, daure mana. Kai da ka je makaranta, wannan daren naka ne. Ba sai ka ɗaga murya ba. Ka durƙusa ka ce, Baba, a yi haƙuri, a sassauta ɗaurin nan mu kai shi a duba yanzu, kada a jira safiya. In an ce maka ai asibiti yanke hannu suke yi, ka amsa da ladabi cewa wanda aka kai bayan ya yi wari ne likita ba shi da yadda zai yi da shi. Maganar kuma ba ta tsaya kan maɗora ba. Simintin asibiti ma in ya matse haka yake kashe hannu. Duk wanda aka sa wa, ya ga waɗannan alamu, ya koma a tsaga masa ko da tsakar dare ne.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake ƙera matallafi ba zai ɗauka wasan yara ne. Majiyyaci ya zauna ya kafa gwiwar hannu a kan tebur. A shimfiɗa takarda a zana hannunsa, a sa alama a kan gaɓoɓi da layukan tafi, domin layin da ya ratsa tafi ta sama shi ne iyaka: in matallafin wuyan hannu ya haye shi, ya hana yatsu lanƙwasawa. A yanke takardar a fara gwadawa a jikinsa, don takarda ba ta da tsada. Sannan a ɗora ta a kan fallen wata roba mai tauri, a yanka, a tsoma cikin ruwan zafi mai digiri 60 zuwa 70. Cikin minti ɗaya ko biyu ta yi laushi. A tsamo, a tsane ruwan da tawul, mai aikin ya fara ɗora ta a nasa hannun ya ji zafinta, sannan ya shimfiɗa wa majiyyaci. 'Yan mintoci gare shi kafin ta sandare. Da tafi yake shafa ta, ba ya dannawa da kan yatsa, domin duk inda yatsa ya lotsa nan ne zai ci fatar mara lafiya gobe. Ya bi kwarin tafi, ya ɗaga wurin da ƙashin gefen wuyan hannu ya turo, ya naɗe bakin robar waje don kada ta yi kaifi, ya sa maɗauri mai mannewa irin na takalmin yara. Sai majiyyaci ya zauna minti 20 ko 30, a cire a duba. Duk inda fata ta sauya launi ba ta koma daidai ba, a sake ɗumama wurin a gyara. A baƙar fata irin tamu ja ba ya fitowa sosai, don haka mai hankali yakan haɗa da taɓawa da tambaya.

Ƙerawar ita ce rabi mai sauƙi. Saura ƙa'ida: yaushe za a sa, yaushe za a cire, har tsawon wane lokaci, wane motsi za a yi a tsakani. Ƙwallo ta daki kan yatsan mai tsaron gida, gaɓar ƙarshe ta langaɓe ta ƙi miƙewa, jijiyar da ke ɗaga ta ce ta tsinke. Maganinsa ɗan ƙaramin matallafi ne da zai riƙe gaɓar ƙarshen kaɗai a miƙe, mako 6 zuwa 8, dare da rana. In ya cire ya bar kan yatsan ya faɗi sau ɗaya, lissafi ya koma farko. Nan maganar alwala ke shigowa, kuma in ma'aikaci bai tayar da ita da kansa ba, majiyyaci zai je gida ya warware ta yadda ya ga dama. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayanin shafa a kan ɗauri. A tura mutum ya tambayi malaminsa, a kuma nuna masa yadda zai kwantar da yatsan a kan tebur ya zare matallafin ya goge fatar ba tare da yatsan ya lanƙwashe ba.

Wanda wuƙa ta yanke wa jijiyar lanƙwasa yatsa, irin abin da kan faru ranar layya, nasa ya fi wuya. Likita ya ɗinke jijiyar, a sa matallafi ta bayan hannu wanda zai hana yatsu miƙewa gaba ɗaya, kimanin mako 6. In an bar yatsan shiru jijiyar ta manne a kubenta, in an sake shi ɗinkin ya tsinke. Tsakanin biyun ake bi, da ƙidayayyen motsi da ake koya wa majiyyaci, aiki mai nauyi kuwa sai bayan kimanin mako 12. A mako na uku ciwo ya tafi, fata ta rufe, tukunyar gida kuma ba ta san an yi tiyata ba, sai mutum ya cire ya hau babur. In ɗan uwanku ne, ɗauke masa cefanen wata ukun nan yana cikin maganin, ya fi lemon da za ku kai masa ranar dubiya amfani nesa ba kusa ba.

Inda na fi so ku buɗe kunne, tun da ku ake bar wa ƙanne kuma gobe ku ne iyaye, shi ne ƙunar yara. Farko dai ruwa: a yi ta zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, har minti 20. Ba ɗanyen ƙwai, ba ƙullu, ba makilin, ba baƙin mai. Ƙunar da ta yi zurfi a hannu ta asibiti ce komai ƙanƙantarta, kuma wajen naɗewa kowane yatsa da nasa bandejin, domin yatsu masu ɗanyen ciwo in aka bar su a manne haɗewa suke yi. Sai babbar maganar: tabon ƙuna ba ya gama aikinsa ranar da ciwo ya rufe. Yana ci gaba da jan fata yana tsukewa har shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Yaron da ya dafa wuta da tafi, in an zuba masa ido, a hankali yatsun za su rusuna, wata rana a wayi gari hannu ya dunƙule, yatsu sun nutse cikin tabo. Abin da ke hana wannan ba shi da tsada. Matallafi ne da zai buɗe tafin ya miƙar da yatsu, a sa shi yadda ma'aikaci ya tsara, musamman lokacin barci. Bayan ciwo ya rufe sarai a riƙa murza tabon da mai, ko man kaɗanya ne, a miƙar da yatsun sau da yawa a yini, a bar yaro ya yi wasa da hannun, a koma a ƙera wani in ya girma ya fi ƙarfin na farko. Wahalar ita ce yaro zai yi kuka. Uwa ta ji tausayi, kaka ta ce a cire wa jikana wannan abu ya samu barci, a rataye shi a ƙusa. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bayan shekara biyu maganar ta koma ta tiyata da dashen fata a asibitin ƙashi na Dala ko a Jos ko Abuja, ga kuɗin mota ga na gado ga na jinya, kuma bayan tiyatar ma sai an koma wa matallafin.

Kada ku zarce ku ɗauka kowane hannu ɗauri yake so. An daɗe ana sa wa masu shanyewar ɓarin jiki matallafi da zaton zai hana hannu ƙagewa. A 2007 Natasha Lannin da abokan aikinta a Ostareliya suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi, mako 4 ana sa wa irin waɗannan majiyyata da dare, suka tarar bai hana ba. Abin da ya fi amfanar wannan hannu shi ne a yi ta sa shi aiki. Ma'aikacin kirki ya san ranar da zai ce, Baba, kai ba ka bukatar wannan, ko da kuwa sayar da shi zai kawo masa kuɗi.

Da yawa daga wannan ilimi a hannun masu cutar kuturta aka koye shi. Paul Brand, likitan Ingila da ya fara aiki a Vellore ta Indiya a 1946, shi ya nuna cewa cutar jijiyar ji take kashewa, mutum ya ƙone ko ya yanke bai sani ba, ciwo kan ciwo har yatsa ya gajarce. Mu ma muna da wuraren da aka daɗe ana wannan jinya, irin su Saye a Zariya, Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Danja kusa da Maraɗi. A ƙasar Tailan, ƙasar manoman shinkafa, wani likitan mishan mai suna James McKean ya buɗe irin wannan wuri a 1908 a Chiang Mai, can arewacin ƙasar, nesa da Bankok, daga baya wurin ya koma cibiyar farfaɗo da naƙasassu. A jami'ar wannan garin ne aka fara karatun digirin O.T. a ƙasar a 1980. Garin lardi ne ya yi wa babban birni fintinkau, ban ga abin da zai hana Lafia tunanin haka ba.

To, ku masu shirin cike fom ɗin JAMB. Kowace shekara ɗalibai masu maki mai kyau suna rububin 'yan kujerun likitanci, wanda bai samu ba ya zauna gida ya sake, ya kuma sakewa, ko ya karɓi kwas ɗin da ba ya so. Iyaye likita suka sani, sai nas, sai mai haɗa magani. Ga fanni nan a buɗe, masu shi a duk Nijeriya ba su taka kara sun karya ba. Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tana ba da digirinsa, akwai kuma makarantar tarayya ta O.T. a Oshodi, Legas, mai ba da difloma. Wanda ya fi son gashin ƙashi, Jami'ar Bayero ta daɗe tana koyar da shi, ga asibitin ƙashi na Dala da aka buɗe tun 1959 a gari ɗaya da ita. Mai sha'awar ƙira kuma, akwai kwalejin tarayya ta fasahar kayan ƙashi a Igbobi, Legas. Kowace cikin hanyoyin nan tana kai mutum ga hannu.

Ba zan ruɗe ku ba. Albashin ba na gina bene ba ne, guraben gwamnati kaɗan ne, a ƙauye za a kira ku mai gashi ko maɗorin asibiti, wasu abokan aiki ma ba za su san me kuke yi ba sai kun nuna musu. Ƙasashen waje suna zawarcin masu wannan karatu, ba kuma zan ce da kowa kada ya tafi ba. Amma aikin yana nan jibge a gida. Makarantar yara masu bukata ta musamman da aka buɗe a nan Lafia a 2018, zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, irinku take so. Yaron da aka haifa da larurar ƙwaƙwalwa, babban yatsansa a maƙale cikin tafi, wani lokaci ɗan matallafin da bai kai tafin girma ba ne tsakaninsa da riƙe fensir.

In Allah ya kai ku, ku yi karatun da hannu. Ɗalibi na iya haddace sunan kowace jijiya, ya zana matallafi iri-iri a takardar jarrabawa, a miƙa masa almakashi hannunsa ya ɗauki rawa. Robar da na ambata daga waje ake kawo ta, da dala ake sayenta, don haka abu ne mai sauƙi malami ya ƙera ɗaya aji ya yi kallo. Kada ku yarda kallo ya ishe ku. Ku ƙera wa junanku. Ku ƙera wa kanku ku kwana da shi, da safe za ku san inda yake ci, da inda gumi ke taruwa, da abin da ya sa majiyyaci ke cirewa da tsakar dare a zafin Maris na Lafia. Ku ƙware da bandejin filasta, wanda ake samu ko'ina kuma yana bin hannu da kyau, sai dai ba ya shiri da ruwa. Ku koyi aiki da fallen alminiyam, da fata a wajen dukawa, da bututun roba na masu aikin famfo. David Werner ya nuna irin waɗannan dabaru a littafinsa na 1987 kan yara naƙasassu na karkara. Bututun nan zafin da yake bukata ya fi ƙarfin fatar mutum, a kan siffar hannu da aka zuba da filasta ake lanƙwasa shi. Robar mai tsada kuma ba ta son rana, in majiyyaci ya bar ta a gaban mota ko kusa da murhu sai ta sauya kama. In ba ku faɗa masa ba laifinku ne. Ku faɗa masa da harshen da yake ji, Hausa ko Eggon ko Alago ko Tibi, ku sa wanda ya rako shi ya ɗaura ya kwance a gabanku.

Saura ku da waya ta mayar likitoci. Bidiyon minti uku a YouTube zai nuna muku yadda ake lanƙwasa roba, ba zai gaya muku abin da ke cikin hannun ba. Mutum ya faɗi ya dafa ƙasa, yana jin ciwo a ɗan kwarin da ke gindin babban yatsa, a ce targaɗe ne a ja a murza, a sayo maɗauri a kemis. Wani lokaci ƙaramin ƙashi ne ya tsage a wurin, wanda hoton farko ma kan kasa nunawa, in ba a riƙe shi yadda ya kamata ba sai ya ƙi kamawa. Wanda ba shi da karatu da rajistar hukuma, taimakon gaggawa ne iyakarsa.

Kafin ku cike fom ku je babban asibitin titin Shendam da aka sani da Dalhatu Araf, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi, ku nemi sashen gashi, ku yi sallama ku gabatar da kanku, ku roƙi shugaban sashen ya ba ku lokaci. Ku tambaye shi irin hannuwan da ke zuwa musu bayan sun riga sun ƙage, da abin da za a iya yi da an zo da wuri. In da hali ku tafi da mahaifi ko yaya, ya ji da kunnensa. Wanda ke aji biyar ko shida na sakandare kuma ya riƙe Turanci da bayoloji da kemistiri da fizis da kyau, su huɗun nan ake zaunawa a JAMB.